Mai Jere da Ƙwaya ta Ashirin da Ɗaya

Malamar kimiyyar haske da ɗalibanta suka fi sani da laƙabin Mai Jere ta rasu a watan Maris na shekarar 2023, tana da shekara hamsin da tara, ba tare da ta bar wa kowa amsar tambayar da ta cinye shekaru goma sha huɗu na ƙarshen rayuwarta ba. Tambayar ita ce ko hasken da ta gani ya maƙale a ƙarshen jeren ƙwayoyinta tsarin jeren ne ya riƙe shi, kamar yadda ta yi da'awa, ko kuwa aibin ƙwaya guda ne kawai ya yaudare ta. Aikin da zai raba wannan gardama bai wuce na wuni ɗaya ba. Ga tarihinta kamar yadda iyalinta da abokan aikinta suka tabbatar.

Haihuwa da asali

An haife ta a watan Janairu na shekarar 1964 a wani gari mai mahaɗar layin dogo, a rukunin gidajen ma'aikata da ke bayan tasha, inda kwanukan da aka jera a kan kantar ɗaki ke rawa duk lokacin da jirgin kaya ya wuce. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aikinsa haɗa taragu da rataya jar fitila a bayan na ƙarshe, mahaifiyarta kuwa tela ce mai ɗinki a gida. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida.

Yayarta ta ruwaito cewa tana ƙarama ta taɓa tambayar mahaifinsu dalilin da ya sa taragon ƙarshe kaɗai ake ba fitila. Ya ce mata, "Saboda shi kaɗai ne babu mai riƙe da shi ta baya, 'yar nan. In mai tasha bai ga fitilar ba, ya san an bar wani a hanya." Daga mahaifiyarta kuma ta gaji wata ɗabi'a da ba ta rabu da ita ba har wafatinta, wato ajiye kowane abu a mazauninsa: maɓallai bisa girmansu, zare bisa launinsa, allura a inda aka ɗauko ta. A gidan an san cewa ana iya cin abincinta ta yafe, amma ba a taɓa mata jeri.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare ta ma'aikatan tasha a shekarar 1970, ta wuce sakandaren kwana a 1976, inda ta yi fice a lissafi, ba ta kuma yi fice a komai da ya shafi surutu ba. A shekarar 1982 ta samu gurbi a jami'ar da ke babban birnin lardinsu, a sashen Fiziks, ta kammala a 1986 da daraja ta farko, tana ɗaya daga cikin mata biyu a ajin. Sashen ya riƙe ta a matsayin mataimakiyar malami a shekarar da ta biyo baya, kuma a nan ta yi aiki har ƙarshen rayuwarta, in ban da shekaru huɗu na neman ilimi a ƙetare.

Aure da zuriya

A shekarar 1988 ta auri wani ma'aikacin hasashen yanayi da ke aiki a filin jirgin sama, mutum mai yawan barkwanci, wanda ya girme ta da shekara bakwai. Sun zauna a hawa na biyu na wani gidan haya kusa da jami'a, mai ɗakuna uku da baranda da yake ajiye gwangwanin awon ruwan sama. Allah ya azurta su da 'ya mace a 1989, da ɗa namiji a 1992, da auta mace a 1999.

'Ya'yan sun tuna cewa mahaifinsu kan ce mata a kan abinci, "Malama, ni ina duban abin da bai zo ba, ke kina duban abin da ba a gani. Allah dai ya raya yaran nan, su samu sana'ar da za a iya nuna wa mutum." Ita kuma takan ce, "Baban yara, ni dai nawa bai taɓa sa mutane shanya ba ruwa ya zo ya jiƙa."

Shekarun ƙetare

A shekarar 1993 ta samu tallafin digiri na uku, ta bar yara biyu a hannun maigidanta da ƙanwarta, ta tafi ɗakin binciken wani dattijon farfesa da ɗalibansa ke kira Tsoho. A wurinsa ta koyi sana'ar da ta zama rayuwarta. Akwai haske mai dogon zango wanda ido ba ya gani, irin wanda ake aika saƙon waya da shi. Idan aka samu ƙwayar tangaran mai siffar ganga, wadda ba ta fi murfin kwalba girma ba, wannan haske kan shiga cikinta ya yi ta kai da kawo, kamar yadda amo ke zama cikin ƙararrawa bayan an buga ta. Idan aka ajiye ƙwaya biyu kusa da juna, hasken kan tsallaka daga wannan zuwa waccan, kuma gwargwadon kusancinsu gwargwadon ƙarfin riƙon da ke tsakaninsu.

Tsoho yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sassautawa. Tunda babu ƙwaya biyu da suke daidai ɗari bisa ɗari, to kowace sai an rubuta mata lamba a ƙasanta, kuma kullum a mazauni ɗaya za ta zauna, domin awon yau ya yi daidai da na jiya. Wannan ƙa'ida ta dace da halin ɗalibarsa fiye da yadda ta dace da kowa. Da ta kammala a 1997, ya ba ta kyautar sallama, akwati mai ɗauke da ƙwaya ashirin da aka gasa a murhu ɗaya rana ɗaya, ya ce mata, "Ki riƙe su kamar yadda na koya miki. Kada lamba ta tsallake lamba."

Ɗakin ƙarƙashin bene

Ta dawo a 1997 ta tarar babu na'urar da za ta auna komai, don haka akwatin ya yi shekara shida a saman kabad ɗin ofishinta, tana koyar da azuzuwan da ɗalibai ke zama har a kan taga. A shekarar 2003 wani kamfanin sadarwa da ke sabunta kayansa ya ba sashen tsohuwar na'urar awo, aka kuma ba ta wani ɗaki a ƙarƙashin bene wanda a da ake tara karyayyun kujeru. Ta sa aka yanka mata faifai biyu na jan ƙarfe, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama kamar murfi, aka huda rami guda a gefe ɗaya inda 'yar eriya mai kaurin allura za ta leƙa. A shekarar 2004 ta samu ɗalibin digiri na biyu, wani dogon saurayi da kowa ke kira Bahago saboda da hagu yake riƙe hantsaki, kuma hannunsa ba ya rawa.

Abin da take nema shi ne wannan. Idan aka jera ƙwayoyin bibbiyu, wato tazara ƙarama sannan babba, ƙarama sannan babba, kowace ƙwaya za ta samu abokiyar da ta riƙe ta da ƙarfi. A irin wannan jeri akwai wani zangon haske da ba ya iya zama ko'ina a ciki. Amma lissafin wani reshe na ilimi da ake kira tofoloji ya nuna cewa idan aka bar ƙwaya guda a ƙarshe ba ta da abokiya, wannan haske zai taru a kanta ya zauna, kuma ko an ɗan hargitsa tazarar sauran ba zai tashi ba, domin tsarin jeren gaba ɗaya ne ke riƙe da shi, ba halin ƙwayar ba. Ɗalibai sun tuna cewa a aji takan kwatanta shi da fitilar taragon ƙarshe.

Don a samu marar abokiya a gefen da eriya take, ana bukatar adadi mara, kuma lissafinta ya nuna ashirin da ɗaya ne mafi dacewa da tsawon faifanta. Ta nemi Tsoho ya taimaka, ya aiko mata da guda ɗaya a cikin kwalin ashana. Ma'auni bai nuna bambanci tsakaninta da sauran ba, ido ma bai nuna ba, sai dai an gasa ta shekara bakwai bayan 'yan uwanta, a wani gashi daban. Bahago ya raɗa mata suna Baƙuwa. Aka rubuta mata lamba ashirin da ɗaya, kuma bisa ƙa'idar ɗakin, lamba ashirin da ɗaya a ƙarshe take zama.

Ganin hasken

A watan Mayu na shekarar 2005, da hantsi, Bahago ya leƙo ofishinta.

"Malama, zo ki gani. Wani abu ya tsaya a wurin da kika ce babu kowa."

Ta sauko ta duba fuskar na'urar. A tsakiyar filin da ya kamata ya zama wayam, wani siririn tsini ya miƙe.

"Kashe ka sake kunnawa."

Ya kashe ya kunna. Tsinin na nan.

"Ka karya kumallo yau?"

"A'a, Malama."

"To ba yunwa ce ke nuna maka ba, tunda ni na ci kuma ina ganinsa."

Bahago ya ce wannan ne karo na farko da ya ga ta zauna a kan tebur, abin da take hana kowa.

Daga 2005 zuwa 2009 ta yi wa wannan tsini duk jarrabawar da ta zo mata a rai. Ta matse tazara, ta buɗa ta, ta karkatar da jeren, ta hargitsa tazarar tsakiyarsa da gangan, ta auna lokacin zafi ta auna lokacin sanyi, hasken bai bar ƙarshen jeren ba. A cikin waɗannan shekaru ne ɗalibai suka raɗa mata Mai Jere, domin duk wanda ya shiga ɗakin abin da yake fara ji shi ne, "Duba ƙasanta kafin ka ajiye." An taɓa korar wani ɗalibi daga ɗakin na tsawon zango guda saboda ya sa ta tara a mazaunin ta takwas. Tsoho ya rasu a 2007, bayan ya ga hoton tsinin ya kuma aiko da taya murna.

Tambayar

A watan Satumba na shekarar 2009 ta gabatar da sakamakonta a wani taron masana a ƙetare, a ƙaramin zaure, gaban mutanen da ba su kai arba'in ba. Bayan ta gama, wata farfesa mai furfura da ke zaune a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Aiki mai tsafta. Ƙwayoyin duka gashi ɗaya ne?"

"Ashirin gashi ɗaya ne. Guda ɗaya daga baya ta zo."

"Wacce?"

"Ta ƙarshe."

"Wadda hasken yake kanta."

"Ita."

"Kin san ƙwayar da gashinta ya bambanta tana iya kama haske don kanta, ko'ina aka ajiye ta. Kin taɓa mayar da ita tsakiya, ki kawo wata ƙarshe?"

Waɗanda suka halarta sun ruwaito cewa ta ce, "A ɗakinmu ba ma sauya mazauni."

Wani a baya ya yi dariya, ya kuma haɗiye ta. Farfesar ta ce, cikin ladabi, abu ne mai sauƙi: idan aka sauya hasken ya tsaya a ƙarshe, to tsari ne, kuma babban sakamako ne, idan ya bi baƙuwar ƙwaya zuwa tsakiya, to aibin gashi ne, abin da kowa ya sani tun da daɗewa. Mujallar da ke duba maƙalarta ta ɗauki matsayi ɗaya da wannan, ta ce za ta buga da zarar an kawo wannan awo guda.

Ba ta dawo da fargaba ba. Ta gaya wa maigidanta ta waya cewa aikin wuni ɗaya ne. Bahago ne ya tarbe ta a filin jirgi, ya karɓi jakarta bai ce sannu da zuwa ba, sai da suka shiga mota ya shaida mata cewa wutar lantarki ta zo da ƙarfi bayan tafiyarta, ta ƙone na'urar awo tare da firijin sashen da injin buga takardu.

"Ƙwayoyin fa?" in ji ta.

"Suna nan, kowace a mazauninta."

"To, alhamdu lillahi," ta ce.

Shekarun jira

A 2010 mai gyara ya buɗe na'urar ya tabbatar cewa ɓangaren da ya ƙone an daina ƙera shi. A 2011 aka samo wani na hannu daga ƙetare, ya daɗe a tashar jiragen ruwa, ya iso da tsatsa har cikin hanjinsa. A wannan shekarar Bahago ya samu gurbin karatu a wata ƙasa, a wani fanni daban, ta rubuta masa takardar shaida da hannunta, ta ce masa kada ya waiwayo. A 2012 wani ɗakin bincike ya gayyace ta mako guda ta zo da ƙwayoyinta, aka hana ta takardar shiga ƙasar ba tare da an faɗi dalili ba, aka kuma sake hana ta a shekarar da ta biyo baya.

A 2013 masu ɗakin suka ba da shawarar ta aiko da ƙwayoyin ta gidan waya, su auna mata. Ta ƙi. Hujjarta ita ce tangaran in ya ɗan ɓantare ko da ƙwayar yashi ne ya zama wata ƙwaya daban, kuma idan Baƙuwa ta ɓata ko ta fashe a hanya, tambayar ta mutu ke nan har abada. Maigidanta ya yi ta lallashi.

"Haba Malama, ki aika mana. Kwalin ashana ya kawo ta, kwalin ashana zai mayar da ita."

"In ta ɓata fa?"

"In ta zauna a nan fa, me ta yi miki?"

"Aƙalla na san inda take."

Bayan wannan, ba a sake aiko mata da wata gayyata ba.

A shekarar 2015 wasu masu bincike a ƙetare, da sababbin na'urori da ƙwayoyi masu yawa, suka wallafa cewa sun ga haske ya zauna a ƙarshen irin wannan jeri, suka kuma yi duk sauye-sauyen da ake bukata. Babu sunanta a ciki, kuma babu dalilin da zai sa ya kasance, tunda ba ta wallafa komai ba. Maigidanta ya tarar da ita a baranda da takardun a cinya.

"To ai shi ke nan, sun tabbatar da maganarki."

"Sun tabbatar da maganar," ta ce. "Ba su tabbatar na gani ba."

Daga wannan shekara babu wani ɗakin bincike da zai ɓata wuni guda a kan mas'alar da duniya ta riga ta rufe. Tambayar ta zama tata ita kaɗai. Muƙamin farfesa da ta nema sau uku bai samu ba, domin kwamitin ƙarin girma yana ƙirga abin da aka buga ne. Ƙananan malamai da ta koyar suka wuce ta, wasu daga cikinsu suna gaishe ta da girmamawa a gabanta, a bayanta kuma suna kiran ɗakin ƙarƙashin bene da maƙabartar Malama. Ta ci gaba da shiga kowane mako tana goge faifan jan ƙarfe, tana duba tazara da ma'auni, tana rufewa da farin ƙyalle. Ta daina ambaton jeren a aji, ta daina misalin fitilar tarago.

Maigidanta ya rasu a watan Yuli na 2016 bayan gajeruwar jinya. Gwangwaninsa na awon ruwa ya ci gaba da zama a baranda, ita ce take zubar da shi. Babbar 'yarta ta ce ta sha gaya mata, "Umma, ki ba ranki hutu, ki kulle ɗakin nan ki zo wurinmu ki yi wasa da jikokinki." Amsar kullum ɗaya ce: "Zan zo, bari dai in ga ƙarshen wannan." A 2019 hannunta na dama ya fara rawa, likita ya ce abin ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri.

Na'ura ta biyu

A shekarar 2022 Bahago ya dawo jami'ar da muƙamin farfesa, aka ba shi shugabancin sashen, ya zo da sabuwar na'urar awo daga cikin kayan aikinsa. Kafin ya buɗe ofishinsa ya sa aka sauke ta a ɗakin ƙarƙashin bene. A watan Nuwamba suka yaye ƙyallen, suka haɗa waya, ƙwayoyin na zaune yadda suke tun 2009. Tsinin ya miƙe a wurinsa na da, ya ma fi fitowa sarai.

"Yana nan," in ji ta.

Bahago ya ɗaga murfin, ya ɗauki hantsaki da hagunsa.

"Malama, in ɗauke ta?"

"Ajiye. Ɗakin ya yi zafi yau, awon ba zai yi kyau ba."

Ya ajiye. Mako na gaba ta ce akwai laima a iska. Na bayansa ta ce sai an sake daidaita na'urar. Sannan jarrabawa ta zo, sannan hutu. Bahago, wanda ke da ikon buɗe kowane ɗaki a sashen, bai taɓa shiga ba tare da ita ba. A watan Fabrairu na 2023 ya same ta a ofis ya rufe ƙofa.

"Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Shekara goma sha uku muna jiran na'ura, yanzu na'ura ce ke jiranmu."

"Na sani, Farfesa."

"Don Allah ki daina ce mini haka. Bahago nake."

"To Bahago, zauna. Kai kana da ayyuka da yawa da sunanka ke kai. Ni wannan kaɗai gare ni. In muka sauya hasken ya bi ta tsakiya, me na yi tun 2004? Na tsare kuskuren mai murhu, na kori yaron mutane a kan ta takwas da ta tara."

"In kuma ya tsaya a ƙarshe fa?"

"To na riga kowa gani da shekara goma, na kuma zauna a kai saboda ban yarda a ɗaga ƙwaya ɗaya daga mazauninta ba. Wanne ka ga zan iya kai wa gida?"

Da Bahago ya tashi fita ta ce masa, "Yanzu aƙalla ina da biyun duka. Ranar da muka auna, ɗaya zai rage."

Rasuwa da jana'iza

A farkon watan Maris na 2023, da safe, autarta ta kai ta jami'a a mota kamar yadda ta saba tun da hannun ya hana ta tuƙi. Ta karɓi mabuɗi ta shiga ɗakin ƙarƙashin bene ita kaɗai, ta ce kada a kira kowa. Ta fito kafin azahar, ta kulle, ta miƙa wa autar mabuɗin. A hanya autar ta tambaye ta.

"Umma, an dace?"

"Ki kula da hanya," ta ce.

A cikin makon jini ya hau mata kai, aka kwantar da ita a asibitin koyarwa, ba ta sake magana ba har ta cika. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta a maƙabartar da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta birnin, kusa da kabarin maigidanta. Malaman sashen da tsofaffin ɗalibai da dama sun halarta, jami'a kuma ta aiko da saƙon ta'aziyya wanda ya yaba da shekaru talatin da shida da ta yi tana koyarwa, bai ambaci jeren ba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ɗanta, injiniyan ruwa, da autarta, malamar lissafi a sakandare. Ta kuma bar jikoki bakwai, da yayarta, da ƙanne biyu.

Abin da aka tarar

Bayan an share makoki, autar ta kai wa Bahago mabuɗin, suka buɗe ɗakin tare da yayyenta biyu. Na'urar na kashe, an rufe ta da ƙyalle. Bahago ya ɗaga murfin jan ƙarfe, ya juya ƙwayar ƙarshe da hantsaki, ya ga lamba goma sha ɗaya. Baƙuwa na zaune a tsakiyar jeren. Ya auna tazara ya ce babu inda ta kauce, duk da rawar hannun. A ma'ajiyar na'urar babu wani awo na wannan rana, amma na'urar ba ta adana komai sai abin da aka umarce ta, saboda haka ba a san ko ta kunna ta gani ba, ko ta sauya ne kawai ta fita.

Autar ta ce a kunna. Babbar 'yar ta ce, "Wallahi ba da yawuna ba. In ta gani, ba ta so a sani. In ba ta gani ba, ba ta so ta sani. Wa ya aike mu?" Bahago ya mayar da ƙwayar daidai inda ya same ta, ya rufe murfin, ya ce kunnawa ba wuya, amma ba zai yi ba sai su uku sun zo masa da baki ɗaya.

Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi ba su zo ba. An mayar da na'urar hawa na biyu inda ɗalibai ke wasu ayyukan da ita. Jeren na nan a ɗakin ƙarƙashin bene, ta goma sha ɗaya a ƙarshe, Baƙuwa a tsakiya, wayar da za ta haɗa shi da na'urar kuma tana rataye a ƙusa bayan ƙofa.